Wasannin labari shida: wanne ya dace da wayarka, harshenka da aljihunka?

A ɗakunan wasan bidiyo na Yamai, daga Bukoki har Yantala, ƙwallo ce ke mulki: a biya, a buga minti goma, wanda aka ci ya miƙa manet ga na baya. Wasan labari, wanda masu Faransanci ke kira jeu d'aventure, ba ya shiga wannan tsari. Wani awa goma ne, wani talatin, kana tafiya da mutanen da aka rubuta, kana magana da su, kana yanke shawarar da za ta biyo ka gaba. Shi ya sa kuskuren zaɓe yake da ciwo. Wanda ya zuba forfe ya sauke giga 20, ya buɗe ya tarar hoto kamar fim amma mutanen ciki kamar gumaka, ya yi asarar kuɗi da mega da barcin dare gaba ɗaya.

A irin wannan wasa ba a cika harbi ko tsere ba. In rubutun ya mutu, babu abin da zai riƙe ka a gaban allo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Saboda haka rubutu ne ma'auni na farko a nan, sauran su biyo baya.

Abin da za a auna

*Rubutu da zurfin hali.* Akwai gwaji uku da ake iya yi wa kowane mutum na cikin wasa tun awa ta farko. Yana da abin da yake nema wanda bai shafe ka ba? Yana tuna abin da ka yi masa? Yana iya ƙin maganarka saboda dalilin da ya dace da halinsa? Wanda ya faɗi duka ukun ɗan aike ne kawai, an ajiye shi ya ba ka makulli ya nuna maka ƙofa. A kuma raba zaɓi gida biyu: akwai wanda ke sauya hanyar labari, akwai wanda ke sauya yadda mutane ke kallonka alhali hanyar tana nan. Masu talla sun fi ɗaga na farko, amma na biyun ne ya fi zama a zuciya in an iya rubuta shi.

*Harshe.* Babu ɗaya cikin wasannin nan da ke Hausa ko Zabarmanci, kuma yawancin masu karatu a Nijar Faransanci suka fi Ingilishi. Shagon sayarwa yakan nuna abu uku daban: harshen maɓallai, harshen murya, harshen rubutun ƙasan allo. A duba kowanne kafin a biya. Wasan da ke ba ka daƙiƙa kaɗan ka amsa, murya da Ingilishi, rubutu da Faransanci, yana gajiyar da wanda ba ya karatu da sauri.

*Kuɗi.* Farashi ɗaya ne, nauyin saukewa wani farashi ne. Euro ɗaya wajen sefa 656 ne a ƙayyade, wato euro 20 wajen jaka 13, euro 40 wajen jaka 26. Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, yana yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma tsofaffin wasannin labari sukan faɗi ƙasa da rabin kuɗinsu a lokacin. Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a yi awa 2 ana wasan ba. Biyan ma sai da katin banki, ko katin Visa da ake zuba wa kuɗi. Katin kyauta na Google Play a ɗaure yake da ƙasar da aka sayar da shi. Na Faransa ba zai shiga asusun da ba na can ba.

*Na'ura da wuta.* A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, kwamfutar hannu kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wasa mai nauyin hoto shi ke fara tsinkewa.

*Ɗorewa.* Abu biyu ne: ko za ka so sake bugawa, da ko wasan zai ci gaba da zama naka. Abin da aka saya a GOG, wani shagon intanet irin Steam, ana sauke fayil ɗin girkawa a ajiye a kile USB, ya yi aiki ba intanet. Faifan PS4 ma haka. Na waya shi ya fi rauni, don tsohon wasa kan daina buɗewa a sabon Android.

*Haɗari.* Abin da ke cikin labarin, in gida akwai yara, da kuma inda aka samo wasan.

The Walking Dead, zango na ɗaya

Kamfanin Telltale ya fitar da shi a 2012, kashi biyar, kowanne wajen awa biyu. Kai ne Lee Everett, malamin jami'a da ake kai wa kurkuku a jihar Jojiya ta Amurka ranar da duniya ta rikice da matattu masu yawo. Ya tsinci yarinya ƴar shekara takwas, Clementine, ita kaɗai a gida, ya zama uba gare ta ba shiri.

Matattun ado ne kawai. Ga inda rubutun yake: a kashi na biyu abinci ya ƙare, aka miƙa maka ƴan guntaye huɗu, bakuna goma na jira. Za ka zaga farfajiyar masaukin kana duban fuskoki. Ka ba yara, to, saura biyu. Ka ba dattijon da ya tsane ka ko za a samu sauƙi? Ka ba wanda ke aikin gyaran shinge tun safe? Ka ci da kanka? Ba wanda zai mutu saboda rabon nan, kuma labarin ba zai karkata ba, amma duk wanda ya taɓa raba naman layya tsakanin dangi da maƙwabta ya san nauyin da ke cikinsa. Kenny, abokin tafiyarka, mutum ne mai riƙo: in ka ƙi goya masa baya a kan iyalinsa, zai ajiye maka har ranar da kai ma kake neman hannu. Clementine kuwa tana kallon duk abin da kake yi, kuma ka san tana koyo.

Rauninsa a fili yake. Hanya ɗaya ce aka yi mata rassa gajeru. A kashi na farko za ka ceci ɗaya cikin mutum biyu, amma ko wa ka ceta, ba zai kai ƙarshen labari ba. Bugu na biyu yana tona wannan asiri, don haka wasa ne na sau ɗaya, ko biyu in an matsa.

Harshe shi ne babban cikas. Murya Ingilishi ce, amsoshi kuma da agogo: layi yana raguwa a ƙasan allo, in ya ƙare Lee ya yi shiru, shirun ma ana lissafa shi amsa. Da Ingilishi kaɗai ya fara fitowa. Tarin da ake kira Definitive Series na 2019 yana da rubutun Faransanci, sai dai ya haɗa duka zangunan, nauyinsa ya haura giga 40. Zango na ɗaya shi kaɗai ƴan giga ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka, a waya kuma kashi na farko kyauta ne. Telltale ya rufe a 2018, wasu wasanninsa suka ɓace daga shaguna. Wannan ya tsira ne saboda kamfanin Skybound ya karɓe shi. Akwai jini da zagi da yawa, na ƴan shekara 18 ne.

Life is Strange

Na kamfanin Dontnod ne da ke Paris, 2015, shi ma kashi biyar, wajen awa 14. Max Caulfield ɗalibar ɗaukar hoto ce da ta koma garinsu Arcadia Bay, ta gano tana iya mayar da lokaci baya kaɗan. Ta sake haɗuwa da ƙawarta ta yarinta, Chloe, suna neman wata yarinya da ta ɓace.

Ga mai karatu a hankali wannan ya fi na sama sauƙi nesa ba kusa ba. Babu agogo a kan amsa, kuma in ka faɗi abin da bai yi maka ba, ka juya lokaci ka ji ɗayan. Murya Ingilishi, rubutu Faransanci, amma Faransancin matasa ne mai cike da karin maganar makaranta.

Wuri guda ya isa ya nuna ƙarfin wasan. A ƙarshen kashi na biyu wata ɗaliba mai suna Kate, wadda aka tozarta da bidiyo, ta hau rufin bene cikin fid da rai. A daidai nan ikon Max ya ƙi aiki. Ba juyawa, ba gyara. Abin da zai taimake ka shi ne abin da ka lura da shi tun da farko: ka ɗauki wayarta lokacin da ta kira? Da ka shiga ɗakinta, ka karanta wasiƙun gidansu, ka gane wa ke ƙaunarta cikin dangi, wa ke ɗora mata laifi? Wanda ya ratsa ɗakin da gudu zai ambaci sunan da bai kamata ba. Wasan ya mayar da kulawa da mutum ita ce gwaninta, kuma ba kasafai ake samun haka ba.

Chloe mai taurin kai ce, mai son kanta a wasu lokuta, har takan ba da haushi, kuma hakan cikar rubutu ne. Inda ya gaza shi ne ƙarshe: bayan duk shawarwarin da ka yanke, ƙofa biyu kawai za a ajiye maka. Kashi na farko kyauta ne a kwamfuta da waya, cikakkensa a kwamfuta wajen euro 20, nauyi ya haura giga 10. A waya yana cin batir yana ɗumama ta. Na ƴan shekara 16 ne: akwai ƙwaya, cin zarafin ƴan mata, da soyayya tsakanin Max da Chloe in mai wasa ya bi ta nan. Gara a sani tun kafin a kunna shi a tsakar gida.

Les Chevaliers de Baphomet

Sunansa na asali Broken Sword, kamfanin Revolution na Ingila, 1996. Shi ne dattijon jerin, kuma shi kaɗai cikin masu sauƙin nauyi ke magana da Faransanci baki da baki, da muryoyin da aka yi da kyau. George Stobbart, Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido, yana zaune a bakin wani gidan shan kofi a Paris sai wani mai shigar ɗan kama ya tayar da bam. Shi da ƴar jarida Nicole Collard suka bi sawu, har Ailan, Siriya da Sifen, cikin sirrin wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista. Sunan da ke kan wasan na wani gunki ne da labarin ya ratsa ta kansa.

A nan ba ka zaɓen komai. Kana tattara kaya, kana haɗa wannan da wancan, kana tambayar mutane. Daɗin yana cikin baki: duk tarkacen da ke aljihun George, har da ƙazamin hankicin da ya tsinta, kana iya nuna wa kowa, kuma kusan kowa an rubuta masa amsarsa daidai da halinsa. Ɗan sanda, mai gadi, mai sayar da fure, kowa da harshensa. Zurfin ba na kuka ba ne, na raha ne da iya zance.

Sai akuya. A wani tsohon gini a Ailan akwai akuya ɗaure da ke tunkuyar George duk lokacin da ya nufi ƙofar ƙasa, kuma ta tsayar da mutane kwana da kwanaki a sigar farko. Maganinta: ka bari ta kayar da kai, kafin ta koma wurinta ka yi sauri ka taɓa tsohon ƙarfen noma da ke gefe, igiyarta ta sarƙe. Laifin waɗanda suka ƙera wasan ne, don babu inda suka koya maka cewa sauri na da amfani kafin nan. Yaron Tawa da ya saba da awaki da ya kama ta a ƙaho an wuce wurin. Sigar Director's Cut ta sassauta wannan, ta ƙara maɓallin neman haske in ka maƙale, ta kuma cire wuraren da George ke mutuwa. Tana kan waya, ƴan euro kaɗan, wajen giga ɗaya. Akwai sabuwar siga ta 2024 mai suna Reforged da aka sake zana hotunanta, ta fi tsada da nauyi, labarin dai shi ne.

Wanda ba shi da ko dala: kamfanin nan ya saki wani wasansa na 1994, Beneath a Steel Sky, kyauta ta halal tun 2003. Bai kai mega 100 ba, yana da rubutun Faransanci, ana buɗe shi da manhajar ScummVM a waya ko kwamfuta.

Enterre-moi, mon amour

Ƙaramin wasa ne na Faransa, 2017, The Pixel Hunt da Figs tare da tashar ARTE. Allonsa kamar WhatsApp yake. Nour ta bar Homs a Siriya tana neman isa Turai. Kai ne mijinta Majd, ka zauna gida saboda tsofaffi, abin da ke hannunka saƙo ne kawai. Ta rubuto: direba ya ninka kuɗi, in biya ko in jira? An ce iyaka a rufe take, in bi ta wata hanya? Kai kuma ka ba da shawara daga nesa, ba ka ganin komai sai abin da ta faɗa maka da ɗan hoton da ta turo.

A ƙasar Adar, inda gidaje da yawa ke da wani a Abijan ko Libiya, ba sai an yi wa kowa bayanin wannan zama ba: waya a hannu, ana jiran ta yi ƙara. Wasan yana da tsarin da ke tafiya da lokaci na gaske. In Nour ta ce za ta shiga mota, sai ta yi shiru, sai bayan wani lokaci saƙo ya shigo kana tsakiyar wani aiki. Ana iya kashe wannan a karanta a jere, amma rabin ƙarfin wasan a jiran yake.

Nour ce ta fi kowa cin gwaji na uku a jerin nan. Tana jin shawararka, wani lokaci ta yi gaban kanta, musamman in ka cika ba ta umarni ko ka yi mata wasa a inda ba wurinsa ba. Wasan yana lissafa kuɗinta, ƙarfin zuciyarta da yadda take ji da kai, ba tare da ya nuna maka lamba ba. Ƙarshe 19 ne, wasu masu ɗaci ƙwarai. Da Faransanci aka rubuta shi, gajerun jimloli irin na saƙo, har da kuskuren yatsa da gyaransa. Bai kai giga ɗaya ba, bai wuce euro 5 ba. Matsalarsa: in ka sake farawa, dole ka bi saƙonnin farko da ka riga ka sani, kuma a duba ko yana buɗewa a sigar Android ɗin wayarka.

Disco Elysium

In zancen rubutu tsantsa ake, babu na biyunsa a nan. Ƙungiyar ZA/UM da ta taso daga Estoniya ta fitar da shi a 2019, Robert Kurvitz ne jagoran marubuta, kalmominsa sun kai wajen miliyan. Ka farka a ɗakin masauki bayan maye, ba ka san sunanka ba, ba ka san kai ɗan sanda ba ne, ga gawa rataye a bishiya bayan masaukin, kwananta bakwai, ga yajin aikin ma'aikatan tashar jirgin ruwa.

Abin da ya raba shi da saura: halayenka 24 ne, kowanne da muryarsa a cikin kanka. Hankali yana magana, tausayi yana magana, son shaye-shaye yana zuga ka, jin kai na hukuma yana cewa ka nuna musu ko kai wane ne. Wanda ka ƙarfafa shi zai fi damunka da surutu, kuma yana iya ba ka shawarar banza da cikakken tabbaci. In za ka gwada abu, ana jefa ɗiyan lido biyu a haɗa da makin halin. Gwaji fari ana sake shi in ka ƙara maki, ja sau ɗaya ne. Kuskuren sababbi shi ne komawa wurin ajiya duk lokacin da suka faɗi. Kada a yi haka: faɗuwa a wasan nan an rubuta ta da kyau kamar nasara, wani lokaci ma ta fi.

Sai Kim Kitsuragi, abokin aikinka daga wani ofishi. Mutum ne mai haƙuri da littafin rubutu a hannu, ba ya ɗaga murya. Ka yi abin kunya a gaban shaidu, ya gyara tabarau ya mayar da zance kan aiki. Ba ya yi maka wa'azi, amma bayan awa biyar za ka tarar kana gyara halinka don kada ka ba shi kunya. Hali zanen dutse, in ji mutane. Nasa kuwa an zana shi har ka san abin da zai ce kafin ya buɗe baki, ranar da ya ba ka mamaki kuma sai ta zauna maka.

Abin da ke kayar da mutane a farko kuɗi ne: mai masauki yana bin ka bashin barnar da ka yi, ga kuɗin ɗaki kowane dare. A nemi jakar leda a riƙa tsintar kwalabe ana sayarwa, a kuma yi magana da kowa kafin dare. In ka zuba duk makinka a kaifin ƙwaƙwalwa ka bar jiki da ɗaya, ƙaramin abu kamar ciro laktaya daga fankar sama yana iya kashe ka a ɗakin farko.

Sigar Final Cut ta 2021 tana da murya a kusan kowane layi, da Ingilishi. Rubutu akwai Faransanci, ana ƙara girmansa, ana kuma iya juyawa tsakanin harsuna biyu ana cikin wasa, abin da ke da amfani ga ɗalibin da ke koyon Ingilishi. Amma Faransancin na littafi ne, mai siyasa da falsafa. Wanda karatun shafi uku ke sa shi hamma ya bar shi. Awa 25 zuwa sama, wajen giga 20 a kwamfuta, kusan euro 40 in ba rangwame, kuma yana cikin masu faɗuwa sosai lokacin rangwame. Yana GOG. Kwamfutar ofis mai RAM giga 8 tana ɗaukarsa in an rage ingancin hoto, kuma kana ajiye wasa duk lokacin da ka so, abin da ke da daraja inda wuta ba ta da alkawari. Giya, ƙwaya, zagi da maganganun wariyar launi daga bakin wasu mutanen ciki sun cika shi. Na manya ne.

Detroit: Become Human

Quantic Dream na Paris, 2018 a PS4, daga baya kwamfuta. Shekarar 2038, mutum-mutumi uku, Connor, Kara da Markus, sun fara jin kansu mutane. Shi ya fi kowa kyan hoto, da cikakkiyar muryar Faransanci, kuma a nan zaɓi yana sauya hanya da gaske: jarumi na iya mutuwa a tsakiya labari ya ci gaba ba shi, bayan kowane babi kuma a nuna maka taswirar rassan da ka bi da waɗanda ka bari a rufe.

Rubutun kuwa hawa da sauka ne. Connor da tsohon ɗan sanda Hank, wanda ya tsani irinsa, sun yi kyau ƙwarai. Ɓangaren Markus ya ari tarihin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ya shafa a sama-sama, har da tsayar da mutum-mutumi a bayan bas, yana faɗa maka abin da za ka ji maimakon ya bari ka ji. Awa 10 zuwa 12, wajen giga 50. A kwamfuta sai mai katin hoto na gaske. Hanya mafi sauƙi faifan PS4 na hannu, wanda ba ya neman intanet kuma ana iya sake sayar da shi. A duba bayansa da kyau kafin a biya, a kuma tabbatar akwai Faransanci a jikin kwalin, don faifan wata ƙasa ba lallai ya zo da shi ba. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiya na iya lalata abin da aka adana a PS4, don haka na'urar riƙe wuta, wadda masu gyara ke kira onduleur, ba ado ba ce. Akwai wurin da uba ke dukan ƴarsa tun farkon wasa. Na ƴan 18 ne.

A taƙaice cikin jadawali

Farashin na yau da kullum ne ba rangwame, kuma yana motsi.

| Wasa | Faransanci | Na'ura | Nauyi | Kuɗi | Tsawo | Sake bugawa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| The Walking Dead 1 | rubutu, a wasu sigogi | waya, kwamfuta, PS4 | ƴan giga | wajen jaka 10 | awa 10 zuwa 12 | kaɗan |
| Life is Strange | rubutu | waya, kwamfuta, PS4 | sama da giga 10 a kwamfuta | wajen jaka 13 | awa 14 | kaɗan |
| Chevaliers de Baphomet | murya da rubutu | waya, kwamfuta | wajen giga 1 | ƴan jakunkuna | awa 10 zuwa 12 | kusan babu |
| Enterre-moi, mon amour | rubutu na asali | waya, kwamfuta | ƙasa da giga 1 | ƙasa da jaka 4 | ƴan awoyi | da yawa |
| Disco Elysium | rubutu mai nauyi | kwamfuta, PS4 | wajen giga 20 | wajen jaka 26 | awa 25 zuwa sama | da yawa |
| Detroit | murya da rubutu | PS4, kwamfuta mai ƙarfi | wajen giga 50 | wajen jaka 26, faifan hannu ya fi araha | awa 10 zuwa 12 | da yawa |

Kalma ɗaya kan masu zuba wasa a waya a kasuwa. Araha ba ta ado. Wasan kashi-kashi yakan zo da kashi na farko kawai, sauran su nemi a sauke daga asusun da ba ka da shi, fayil ɗin da aka taɓa kuma yana iya zuwa da abin da ke leƙa wayar da kake aika kuɗi da ita. Haka wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya saya maka a asusunsa: wasan nasa ne, ranar da ya sauya lambar sirri ka tashi a tutar babu.

Wa zai ɗauki wanne

Mai waya kaɗai da forfe ɗan kaɗan ya fara da Enterre-moi, mon amour. In yana son dariya da warware ƙulli maimakon ɗaci, Chevaliers de Baphomet.

Wanda karatun allo ke gajiyar da shi, yana son ya ji da kunne, zaɓinsa biyu ne: Baphomet in na'urarsa ƙarama ce, Detroit in akwai PS4 a gida. Kada ya fara da The Walking Dead, agogon zai cinye shi.

Wanda bai tabbata irin wasannin nan za su yi masa ba, kada ya kashe ko dala. Ya sauke kashin farko na Life is Strange ko na The Walking Dead inda akwai wifi, ya ba shi awa biyu. In ya gama yana tunanin abin da ya faɗa wa wani a ciki, ya sayi saura.

Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko na jami'ar Tawa mai kwamfutar hannu, mai son karatu da gardamar siyasa, ya jira rangwamen Yuni ko Disamba ya ɗauki Disco Elysium a GOG, ya kwafe fayil ɗin girkawa a kile. Ya ɗaga bayan kwamfutar da littafi don iska ta shiga, kada ya ɗora ta a katifa, ya kuma sa a busa mata ƙura bayan hunturu.

Ƴan fada da ke son abin yi tare bayan isha'i, shayi na kan wuta, Detroit ne nasu: ɗaya ya riƙe manet, saura su yi ta musu kan abin da za a zaɓa, taswirar ƙarshen babi ta raba gardama. Babi ɗaya ko biyu a dare ya isa. Sai dai PS4 ɗin ta zama ta ɗaya daga cikinku, don a ɗakin wasa na haya wani zai zo da safe ya fara sabon wasa a kan ajiyarku.

Uba ko yaya da ke nema wa ɗan shekara 13 ko 14, Baphomet ne kaɗai a jerin nan da za a miƙa masa ba tare da an zauna kusa ba, kuma zai ƙaru da Faransanci a ciki. In ya zo yana ƙorafin akuya, a nuna masa ƙarfen noman da ke gefe.